Hannun da Na Bari a Titiwangsa

Shekarar da jirgin saman nan na ƙasar Malesiya ya ɓace cike da mutane, aka yi ta nema a teku ba a same shi ba, ita ce shekarar da na sauka Kuala Lumpur. A filin jirgin akwai manyan alluna da mutane suka cika da rubuce-rubucen addu'a. A lokacin ban iya karatun boko ba, ko na Hausa, saboda haka furannin da aka zube a ƙarƙashinsu kawai na kalla na wuce.

Sunana Salisu, mutumin Soba ne ni a ƙasar Zazzau, amma tun ina yaro Bahago ake ce mini. Sana'ata a wancan lokacin jifa ce. Wasan sunansa besbol, kuma na san yawancin mutanenmu ba su taɓa ganinsa ba. Ƙwallonsa kamar lemon zaƙi take a girma, da fata ake ɗinke ta, ga tauri kamar dutse. Mutum ɗaya zai tsaya a kan ɗan tudu ya jefa ta, wani yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin dukanta, na uku yana tsugune a bayan mai kulkin yana cafewa. In mai kulki ya kasa sau uku, ya fita. Ni ne na kan tudun. A Ilori na koya, inda na je sayar da albasa. Wani mai horar da 'yan wasa ya ga na jefi akuya da ruɓaɓɓiyar albasa daga wancan ƙarshen rumfa, ya biyo ni har wurin kwanana. Na yi shekaru ina yi wa ƙungiyar jiha wasa da ɗan albashi. A wannan wasan bahago tsada gare shi, domin ƙwallonsa tana fitowa ta gefen da masu kulki ba su saba gani ba.

Wanda ya kawo ni Malesiya sunansa Incik Zul. Incik a yarensu kamar Malam ne a namu. Ya je Najeriya sayar da injinan matsar manja, ya ga wasana wata Asabar, bayan wasu watanni ya aiko da tikiti. Shi da kansa ya tare ni, ya karɓi jakata ya saɓa. Ya kai ni gidan abinci ya zauna muka ci tare. Ranar Juma'a ya ɗauke ni zuwa masallacin Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke tsakiyar birnin, muka yi sahu kafaɗa da kafaɗa, da muka fito ya saya mini zane irin wanda mazansu ke ɗaurawa.

Daga ranar na ɗauke shi ubangida. A wajenmu in mutum ya ɗauko ka, ya ba ka ɗaki, ya ci da kai, to ba a yi masa lissafi kuma ba a ce masa a'a. Kai dai ka yi masa hidima da zuciya ɗaya, ranar da zai sallame ka shi ya san abin da zai yi maka. Haka na ga babana ya zauna da wani Alhaji mai fataucin hatsi har ya kafa shi da rumfarsa. Ban taɓa tunanin akwai wata hanyar zama da mai gida ba.

Da guntun Turancin da na tsinta a Ilori muke magana. Ya gaya mini cewa wasan nan a Malesiya ƙarami ne, kamfanoni ne ke karawa ranar Lahadi, yawancin 'yan wasan ma'aikata ne 'yan Japan da Koriya. Amma ya ce akwai wani mutum daga Taiwan da ke zuwa sau ɗaya a shekara, bayan Babbar Sallah, yana neman 'yan wasa don manyan ƙungiyoyin can, kuma bahago yake nema ido rufe. In mutumin ya ɗauke ni, na gama wahala, ni da iyalina. Abin da ake bukata kawai hannuna ya kai ranar da lafiyarsa.

Ɗakina yana Titiwangsa, a bayan shagon da ake ajiye kayan wasan. Katifa ce tsakanin buhunan ƙwallaye, ga warin fata, ga jirgin ƙasa yana wucewa a sama. Kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa. Abincinsu akwai zaƙin kwakwa a cikin komai, har miya. Nakan tafi bakin tafkin unguwar in zauna in kira Hadiza, matata, wadda na bari da ƙaramin ciki. Takan tambaye ni me na ci, in ce shinkafa, ta ce jiya ma shinkafa ka ce, in ce gobe ma ita zan ce. Wata rana na yi mafarkin miyar kuka, na farka ina haɗiyar yawu.

Mai horar da ƙungiyar Incik Zul, wadda aka kawo ni in yi wa wasa, wani tsoho ne ɗan Japan, Mori, da ya yi ritaya ya zauna a ƙasar. Ba biyansa ake yi ba, son wasan ne kawai. Ranar farko ya kama hannuna ya juya shi, ya matsa nan ya matsa can, kamar mai sayen ragon layya. Turancinsa bai fi nawa ba, saboda haka da hannu muka fi magana. Dokokinsa biyu ne. Na farko, in na yi wasa ranar Lahadi, ba zan sake taɓa ƙwallo da ƙarfi ba sai bayan kwana huɗu, domin kowane jifa yana ɗan yaga naman kafaɗa, hutu ne ke ɗinke shi. Na biyu, da an tashi wasa sai ya ɗaura mini jakar ƙanƙara a kafaɗa da gwiwar hannu.

Ta farkon na gane ta, don a Ilori ma muna hutawa, ko da yake can rashin wasanni ne ke hutar da mu. Ta biyun ce ta tsorata ni. Tun muna yara an gaya mana mutum ba ya fitowa daga zufa ya shiga sanyi, don sanyi yana shiga ƙashi, in ya shiga kuma ba ya fita. Na san tsofaffi a Soba da gaɓoɓinsu suka ƙage, kowa kuma ya ce sanyi ne. Ga wannan tsoho yana ɗaura mini ƙanƙara a kan hannun da nake neman abinci da shi. Ban yi masa musu ba, don ya haife ni. Nakan bari ya juya baya in zare jakar in zuba ƙanƙarar a cikin kular ruwan sha.

Wasannin farko sun yi daɗi. Masu kulki sukan kai duka su sami iska, su juyo suna kallona. Ƙungiyar Incik Zul da ta saba zama a ƙarshe ta fara cin wasa. Mori ba ya yabo, amma wata Lahadi ya cire hularsa ya ɗan sunkuya mini a gaban kowa.

Incik Zul yana da wani wuri a saman benen ajiye motoci, an kewaye shi da raga, inda ma'aikatan ofis ke zuwa bayan an tashi aiki su biya su yi ta dukan ƙwallo don nishaɗi. Wata Talata ya ce in zo in ɗan jefa wa abokansa, sun ji labarina. Ya ƙare da kalmar nan tasu, boleh, wato zai yiwu? Na ce boleh. Washegari ma aka ce wasu abokan sun zo. Kafin wata ya ƙare an manna hotona a ƙofar benen, ina zuwa kullum daga la'asar har bayan isha'i, ban da Lahadi. Mutum zai shigo da rigar ofis, ya naɗe hannu, ya ce in jefa da dukkan ƙarfina don abokansa su ɗauke shi a waya. Incik Zul ya ce kada in gaya wa Mori, tsohon yana da mita. Ban ga aibun hakan ba. Ubangida ya sa ka aiki, ba ka kai ƙararsa wajen wani.

A wannan tsakanin na haɗu da Malam Habibu. Na shiga wani mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, a kusa da Jalan Semarak inda jami'a take, sai na ji wani yana waya yana cewa wallahi har yau kuɗin karatun ba su shigo ba. Na tsaya a bayansa kamar an dasa ni. Wata nawa ban ji Hausa daga bakin mutum a tsaye ba. Da ya gama na yi masa sallama, ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Kai kuma wane kwas kake yi?"

"Jifa nake yi."

"Jifa? Ai ka yi ɓatan hanya, Malam, Shaiɗan yana Mina. Daga ina?"

"Soba."

"Shi ya sa. Bazazzagi ne kawai zai tsallake teku don ya yi jifa. Zauna ka ci abinci, ubangidanka Bakano zai biya."

Na ce masa Bakanon da ke kukan kuɗi a waya ba shi da bakin magana. Muka yi dariya har mai shagon ya leƙo. Digiri na uku yake yi a fannin injiniya da tallafin gwamnati, yana zaune da matarsa Rabi, da ake kira Maman Ummi, a wani ƙaramin gida a hawa na tara. Daga ranar duk Asabar da hantsi can nake. Maman Ummi tana da kuka da daddawa da take ɓoyewa kamar zinariya, amma in na zo sai ta kaɗa.

Ciwon ya fara ne a bayan kafaɗa, kamar an soka tsinke, daga baya ya sauko gwiwar hannu. Da safe sai in ɗaga hannun da ɗaya hannun kafin in iya sa riga. Maman Ummi ce ta fara lura, ranar da ta miƙo tire na kasa karɓa. Ta ce ba wani abu ba ne sanyi ne, ƙasar nan ruwa kullum, ga kowane shago an kunna na'urar sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Da na gaya mata zancen ƙanƙarar Mori sai ta riƙe baki ta ce wannan tsohon so yake ya nakasa ni. Ta ba ni fulas na ruwan zafi da tawul, ta haɗa mini man zafi da man kaɗanyar da ta zo da shi daga gida, da citta da kanumfari. Ta ce in gasa safe da yamma. Malam Habibu ya yi ta tsokanata yana cewa ga mai jego, saura kunun kanwa.

Gashin ya yi aiki, kuma wannan ita ce masifar. Da na gasa sai ciwon ya kwanta, hannun ya saki, in hau benen in yi ta jifa har a tashi. Da dare ya dawo ya fi na jiya, da safe in sake gasawa.

Wata Asabar Malam Habibu ya tambaye ni abin da Incik Zul ke ba ni a kan aikin benen. Na ce ba mu yi wannan maganar ba, ubangidana ne, yana sane da ni. Ya ajiye cokali ya kalle ni, babu wasa a fuskarsa.

"Bahago, a ƙasar nan babu ubangida. Bos ake da shi. Abin da ba ka faɗa da bakinka ba, babu shi."

Na ce masa shi ɗan boko ne, bai taɓa zama a ƙarƙashin kowa ba. Na ce mutumin da ya ɗauki jakata, muka yi sallah sahu ɗaya, ba zai cuce ni ba. Ya ce Allah ya sa, ya ci gaba da cin abincinsa.

Azumi ya zo. Masu zuwa benen da yawa ba Musulmi ba ne, saboda haka aikin bai tsaya ba, da ƙishirwa nake jifa har a kira magariba. Ranakun da na samu dama nakan tafi Kampung Baru, inda masallaci ke raba wani kunun shinkafa da nama da yamma. Akwai wata tsohuwa mai sayar da soyayyar ayaba a bakin hanya. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma ta ga yadda nake riƙe hannun a ƙirji. Kullum sai ta ƙara mini biyu a leda, ta nuna kafaɗata, ta ɗaga hannuwanta sama alamar addu'a. Ko sunanta ban sani ba.

Mori bai daɗe ba ya gane. Ya ga gwiwar hannuna tana sauka ƙasa in zan jefa, ƙwallon kuma tana faɗuwa kafin ta isa. Ya kira ni gefe, ya dasa babban yatsansa a bayan kafaɗata, ya tambaya ko da ciwo. Na ji kamar an sa wuƙa, amma na ce babu. Namiji ba ya cewa wayyo don an taɓa shi, kuma in na ce akwai, tambaya ta gaba ita ce daga ina, amsar kuma tona asirin mai gidana ce. Ya sunsuna yatsansa ya ji ƙamshin kanumfari. Ya sake ni ya koma wurin sauran 'yan wasa.

Bayan kwana biyu ina cikin jifa a benen sai na hango shi a bayan raga, riƙe da lemarsa. Ya tsaya har na gama da mutum uku. Daga nan ya shiga ofishin Incik Zul. Ban taɓa jin tsohon ya ɗaga murya ba sai ranar. Da ya fito ya zo wurina, ya karɓe ƙwallon daga hannuna ya ajiye ta a ƙasa, ya ce da Turancinsa mai tsinkewa: "Ka ce masa a'a. Kalma ɗaya ce. Hannun naka ne." Lahadin da ta biyo baya babu Mori a fili. Aka ce ya gaji ya ajiye aikin.

Na yi niyyar bin maganarsa, Allah ya sani. Na je ofishin, na zauna a ƙasa-ƙasa, na gaishe da Incik Zul, na tambayi iyali da kasuwa, na yi godiya a kan ɗaki da abinci. Sa'an nan na ce hannun ya ɗan gaji. A gida wannan ta isa. Mai gida ya ji yaronsa, wanda bai taɓa kuka ba, ya ce ya ɗan gaji, ya san abin ya kai maƙura, shi zai ce je ka huta. Incik Zul ya buɗe firji ya ba ni lemon gwangwani mai ƙara kuzari, ya ce gobe da safe in yi barci sosai. Ya ce wani kamfani ya kama wurin na mako guda don ma'aikatansa, duk saboda ni. Ya dafa ni a daidai inda ke mini ciwon ya ce boleh?

Na ce boleh.

Mutumin Taiwan ya zo bayan Babbar Sallah kamar yadda aka ce. Gajere ne, yana zaune a kujerar roba a bayan mai cafewa, riƙe da wata na'ura kamar bindiga da ke auna gudun ƙwallo. Akwai samari kamar goma da suka zo gwaji, amma kowa ya san ni aka zo gani. Malam Habibu ya bar ɗakin bincikensa ya rako ni. Tun asuba nake gashi, har fatar kafaɗar ta yi ja.

Ƙwallayen farko sun fita lafiya. Na ga mutumin ya dubi na'urarsa, ya sake duba, ya miƙe tsaye. Ya yi alama da hannu in jefa mai lanƙwasa, wadda ke tahowa kamar za ta bugi mutum sai ta karkace ta faɗa tsakiya. Ita ce gwanintata, ita ce kuma ta fi murɗa hannu. Ta farko ta yi kyau, har mai cafewa ya yi ihu. A ta biyu na ji wani abu ya tsinke a cikin kafaɗar, kamar igiyar guga in ta katse da ruwa cike. Ƙwallon ta bugi ƙasa a gabana kaɗan ta gangara. Hannun ya sauka ya rataye, na ce masa tashi ya ƙi.

Ban faɗi ba, ban yi ƙara ba. Mutumin ya tako har kan tudun, ya sa bayan hannunsa a kafaɗata ya ji zafinta, ya juya ya yi wa Incik Zul wasu tambayoyi da Turanci mai sauri. Incik Zul ya amsa yana girgiza kai kamar mai jimami. Ina tsaye a tsakaninsu ban fahimci komai ba. Mutumin ya ɗan sunkuya mini, ya koma kujerarsa, ya kira yaro na gaba.

A cikin tasi, a hanyar asibiti, na tambayi Malam Habibu abin da suka ce. Sai da na matsa masa ya faɗa mini. Ya ce mutumin cewa ya yi wannan hannun an riga an cinye shi tun kafin yau, ya tambaya sau nawa nake jifa a mako. Incik Zul ya ce Lahadi kawai. Ya ƙara da cewa wataƙila da ciwon na zo daga Afirka na ɓoye.

Likitar mace ce. Ta nuna mana hoton kafaɗar a allo, ta ce jijiyar da ke riƙe ta ta yage, ba yau ta fara ba. Ta ce ko an yi aiki zan iya ɗaukar kofi in sa riga, amma jifa ya ƙare. Ta tambayi abin da nake sawa, na gaya mata. Ta ce zafi yana lallashin ciwo ya kwanta alhali kumburin yana ƙaruwa a ciki, ciwon nan kuwa shi ne ke ce mini in tsaya, ni kuma na yi ta rufe masa baki. Ƙanƙarar tsohon da hutunsa su ne maganin. Na roƙi Malam Habibu kada ya gaya wa Maman Ummi, amma ya gaya mata. Da na je gidan ta ƙi fitowa daga kicin, ina jin kukanta. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata ita abin da ta sani ta yi mini, kuma ba ita ta hau da ni benen ba. Har yau ban riƙe ta da komai ba. A birnin can kaf ita ce ta kalli hannuna ta ga na mutum ne.

Incik Zul ya biya ganin likita na farko. Da aka zo zancen aiki sai ya ce inshorar ƙungiya ta wasannin Lahadi ce, gwaji ba wasa ba ne. Bayan ɗan lokaci ya ce yana bukatar shagon don sababbin kaya. Na koma falon Malam Habibu, ina kwana a kan dardumar sallah, ina jin kunyar kowace loma. A can aka kira ni aka ce Hadiza ta sauka, mace. Ta waya na yi wa jaririyar huɗuba. Ɗaliban Arewa, waɗanda su ma tallafinsu bai zo ba, suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a har sau uku suka haɗa mini tikitin komawa. Aikin kafaɗar ba a yi shi ba.

Duk da haka ban cire rai ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi in na tuna. Na ce wa kaina mutumin kunya yake ji, yana jira ne ranar sallama ya gyara. Malam Habibu ya ce kada in je. Ana jibi zan tafi na sa kaftanina mai kyau, Maman Ummi ta goge mini shi, na hau benen.

Tun daga matakala na ji ƙarar duka. An cire hotona daga ƙofa. A inda nake tsayawa an kafa wani inji mai tayoyi biyu, ana zuba masa ƙwallaye ta sama yana tofo su ɗaya bayan ɗaya. Incik Zul ya fito da fara'a ya rungume ni, ya tambayi hannun, ya nuna mini injin yana dariya ya ce wannan ba ya gajiya, ba ya azumi. Ba don ya ci mini fuska ya faɗa ba, shi a ganinsa raha ce. Ya aika aka yo mini tapau, wato abinci a ƙunshi, ya ɗauko hular ƙungiya sabuwa daga kwali ya ba ni.

Na zauna na ce, "Na zo sallama."

Ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaida iyali.

Na ci gaba da zama, hular a kan gwiwata. Injin yana ta tofi a waje. Ya amsa waya, ya gama, ya ɗago ya ga har yanzu ina nan.

"Akwai wani abu kuma?"

Na ce babu.

Yanzu ina Soba, ina gadin wata makarantar firamare, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a cikinta. Malaminmu ya ce kowa ya rubuta wata tafiya da ya taɓa yi, kuma ya faɗi abin da ya samu a cikinta. Ni abin da na rasa na fi sani, shi zan faɗa. Na rasa gurbina a Ilori, don kafin in dawo an ba wani. Na rasa sunan 'yata ta fari, ban ga ragon ba, ban ji kiran sunan ba. Na rasa Mori, ban san inda yake ba, ban kuma taɓa ce masa ya yi gaskiya ba. Na rasa Taiwan, wadda ta miƙe tsaye daga kujera saboda ni. Na rasa sana'ar da ita kaɗai na iya. Hannun yana nan a jikina, ina wanke shi a kowace alwala, amma in na yi kabbara na dama ne kawai ke kaiwa kunne.